Dabino Uku a Bayan Dutse

Ranar sha bakwai ga watan azumi, shekara biyu da ƙarewar babban yaƙin Turawa, aka tsinci Rabe ga-ruwa kwance rub da ciki a kan 'yar hanyar da ta hau dutsen bayan Misfala, unguwar Takari a Makka. Salkarsa na goye a bayansa, ta huje, ruwan ya tsiyaye ya gauraya da jini ya gangara har gindin wata tumfafiya. Bawan Allah ya yini da ƙishirwa, ruwan wasu a gadon bayansa, ya tafi ko kurɓi ɗaya bai yi ba. Kuma ba wanda ya ji ƙarar bindiga. Yo ta ina za a ji? Mai aikin laɓewa ya yi sai da igwar shan ruwa ta tashi, sannan ya saki tasa a cikin rugugin.

Wanzamin unguwa ne ya zaro harsashin. Dalma ce tsurarta, mai faɗin kai, babu jar rigar nan ta tagulla irin ta harsashin askarawa, ga sauran kakin zuma maƙale a tsagar gindinta.

"Na Wada ne," in ji wani daga baya.

Shi ke nan fa.

Shi Wada samkari ne, wato mai liƙi da dalma. Shekara talatin yana zaune a rumfarsa ta gwangwani yana toshe wa mutane tukwane da butoci da fitilu, yana liƙe gwangwanayen Zamzam da alhazai ke tafiya da su gida. Sai wani ɗan aiki na gefe da kowa ya sani. Akwai wani tsohon hafsan Turkawa, Afandi ake ce masa, da ya rage a Makka da tsohuwar libarbarsa mai cin harsashi shida. Ranar Alhamis yakan fita da abokansa can bayan iyakar Harami, wajen Tan'im, su jera gwangwanaye a kan dutse su yi ta gwada saiti. Harsashi ya yi wuya tun lokacin yaƙi, don haka sai ya tsince kwansunan ya kawo wa Wada, shi kuma ya narka dalma ya zuba, ya auna albarushi ɗan mitsitsi, ya mayar da su sabbi. Marasa ƙarfi yake yi da gangan, don bindigar ta tsufa, mai ita ma ya tsufa. Har tsiya ake yi masa a unguwa, wai harsashin Wada in ya sami kaza sai ta waiwayo ta ga wa ya taɓa ta. Da azumi ya kama, Afandi ya bar masa libarbar ya goge. Aka je aka buɗe akwatin da take ciki, wayam.

To, masu tsiyar kazar nan su ne suka fara mantawa da ita. Kafin a kira isha duwatsu sun fara sauka a kan rumfar Wada. Shatu mai lalle ce a gaba tana kururuwa, ita da tukunyar tuwonta ta sha liƙin Wada har ba a gane ainihin gindinta. Mutumin da Wada ya goya zuwa wurin mai ɗori ranar da raƙumi ya take shi, yana nan da dutse a hannu. Ba kunya, ba tsoron Allah, bakinsu da sauran zaƙin dabinon buɗa-baki.

Shehu Mukhtaru, shugaban Hausawan unguwar, shi ya ja Wada ya kulle a ɗakin zaurensa. Da shawush, wato sajan hukuma, ya zo da askarawansa, Shehu ya roƙi kwana ɗaya.

"Tayyib, na yarda," in ji shawush. "Gobe in igwa ta tashi zan dawo. Ku Takari kun san junanku. Ko ku ba ni wannan, ko ku ba ni wanda ya yi."

Ba sai an faɗa wa kowa abin da ke jiran mai kisan kai a garin nan ba. Takobi ne, a bainar jama'a.

Lurwanu mai bin sawu bai iso ba sai da taron ya watse. Ya tsaya ya dubi farfajiyar rumfar, ya jawo ƙaya ya toshe ƙofar, ya ce duk wanda ya sa tsintsiya a wurin nan shi da shi ne.

*

Lurwanu mutumin Damagaram ne, maharbi ɗan maharbi. Da ƙafa ya zo, ta Wadai da Sudan, shekara bakwai a hanya. A Makka ba a farauta, sai ya koma nemo raƙuman da suka ɓace da tsofaffin alhazan da suka rabu da ayarinsu tsakanin Arfa da Mina. Fuska takan ɓace masa, ƙafa kuwa ba ta ɓace masa.

Gari na yin haske ya hau dutsen. Da ya ga inda Rabe ya faɗi, sai da ya yi tsaki har sau biyu. An tattake wurin kamar an ci kasuwa. Kowa ya zo kallo, kowa ya bar sawunsa, ba wanda ya yi tunanin ƙasa ma tana da abin faɗa.

Ya bar nan, ya tsaya inda ramin salkar ya nuna, ya dubi baya. Taku ashirin da biyar akwai wani dutse mai tsayin ƙirjin mutum. Ya zagaya bayansa. Nan ba wanda ya taka sai mutum ɗaya.

Takalmin fata ne mai ɗinki, irin na masu zaman shago. Ya hau a natse. Ya daɗe a tsugune, don duga-dugan sun nutse cikin yashi. Saukowar ce daban: taku gajeru, a karkace, ga ɗigon jini a gefen dama, ɗis, ɗis, har inda hanya ta shiga turbar bazan, wurin ɗiban ruwan unguwa, inda ƙafa dubu ta shafe komai.

Jini a nan? Rabe yana can taku ashirin da biyar.

Ya durƙusa yana laluben tsagar dutsen. Ya zaro wani ɗan guntun baƙin ƙarfe, lanƙwasasshe, bai kai ɗan yatsa ba, bakinsa a yage. Sai kuma ya ga tururuwa sun yi layi. Ya bi su da ido. Dabino ne guda uku a ƙasa, ɗaya da busasshen jini a jikinsa.

Lurwanu ya daɗe yana kallon dabinon nan. Wato mutumin nan da guzurin buɗa-bakinsa ya zo. Ya shirya ya kashe mai azumi, sannan ya ce bismillahi ya kai dabino baki a kan lokaci, kada ladan gaggauta shan ruwa ya wuce shi. Lurwanu ya miƙa hannu ya tsince dabinon. Ya kakkaɓe tururuwan, ya ƙulle dabinon a gefen rawaninsa.

*

A ƙofar Shehu ya tarar da manyan unguwa tsaitsaye. Mai magana a cikinsu Alhaji Tijjani ne, wanda ke sayar wa alhazai Zamzam a gwangwani, mutum mai faɗa a ji, mai raba kunu kyauta duk azumi. Ya lulluɓa da mayafi har wuya a cikin wannan zafi, wai zazzaɓi ya kwana da shi.

"Ya Shehu, jiran me ake yi?" yake cewa. "A miƙa shi tun da safe mu huta. Sunanmu ne ke ɓaci a garin mutane."

"An ce sai igwa, Alhaji," in ji Lurwanu. "Ko kai ma sauri kake a sha ruwa?"

Ya wuce ciki. Wada na zaune a kan tabarma, goshinsa a kumbure inda dutse ya same shi.

"Kai Bakano," in ji Lurwanu, "duk wayonku na Kanawa ka rasa inda za ka ɓoye bindiga sai akwatin da rabin Misfala ke zama a kai?"

"Bar ni da abin da ya dame ni, Badamagare. Da wayon ne da ni, da ban yi abota da kai ba."

"Ina kake da igwa ta tashi?"

"Harami. Ni da mutum dubu, ba wanda ya san ni a ciki."

"Rabe ta baya aka harbe shi. Ta huda salka cike da ruwa, ta fita, ta shige haƙarƙari. Daga taku ashirin da biyar."

Wada ya ɗago kai a karo na farko. "Taku nawa?"

"Ka ji ni."

"Ƙarya ne. Wallahi ƙarya ne! Nawa a taku ashirin gwangwani ɗaya yake hudawa, ya kwanta a cikin na biyu. Salka cike da ruwa? Sai dai ya ji kamar an jefe shi da tsakuwa, ya juyo ya yi zagi."

"Wanzami ya ce dalmarka ce."

"Dalmar tawa ce. Kwanson ma nawa ne. Awon ne ba nawa ba."

Ya cusa hannu a wuyan riga ya jawo wani ɗan abu da ke rataye da zare. Gindin kwanso ne aka yanke, aka liƙa masa 'yar waya, ya zama ludayi, ko ƙwayar gero ashirin ba zai ci ba.

"Wannan ne awona. Ɗaya, a shafe bakinsa. Ko Afandi ya yi fushi ba na ƙarawa."

Lurwanu ya ajiye guntun ƙarfen a tabarma. "To wannan fa?"

Wada ya ɗauka ya juya shi. Sai ga hawaye. An jefe shi bai yi kuka ba, an ce takobi bai yi kuka ba, sai a kan ɗan ƙarfe.

"Gangarta ce," ya ce. "'Yar gangar nan mai rami shida. Ya fasa ta. La'ananne ya fasa ta. Shekara goma sha biyu ina lallaɓa tsohuwar nan." Ya share ido da bayan hannu. "Cire dalmar ya yi ya ƙara albarushi. Ya ji ana cewa nawa ba ya kashe kaza. Ka san albarushin Afandi ba irin namu na gida ba ne, da ake zuba wa bindigar toka a auna da yatsu, uku, huɗu, a danna tsumma. Wannan na Turawa ne, mara hayaƙi. Abin da ka ɗiba da farce ya fi tafin hannu na wancan."

"Kai wa ya gaya maka?"

Wada ya miƙo hannun dama. Babban yatsan rabi ne. Daga gindinsa har wuyan hannu baƙaƙen ɗige-ɗige ne a cikin fata, kamar an barbaɗa kanumfari an daka.

"Wannan ya gaya mini. Shekarar farko, da wata bindigar. Na zuba irin na gida. Ba ya wankuwa, Lurwanu, da shi za a binne ni."

Lurwanu ya miƙe. "Wa ya san inda kake ajiye albarushin?"

"Duk wanda ya taɓa zama jiran liƙi."

"Kai dai Kanawa an yi asarar wayo."

*

Hannu yake nema yanzu, ba ƙafa ba. Kuma bai yi nisa ba aka nuna masa ɗaya. Mata biyu a bakin bazan suka rantse masa cewa Abdulganiyyu mai tsire ya fito da hannu a naɗe, kuma shekaranjiya an ji su da Rabe suna zage-zage.

Ya same shi a rumfa yana yanka naman yamma, ƙuda na bin sa.

"Kwance tsumman nan in gani."

"Don me, Baba Lurwanu? Jiya Wada, yau ni? Gobe kuma sai limamin unguwa?"

"Kwance, ka ji. Rana na yi."

Ya kwance yana huci. Hannun hagu ne, yankan wuƙa siriri a kan yatsa, fatar fes. Lurwanu ya dubi ƙafarsa: ba takalmi, faffaɗa kamar faifai, duga-dugai duk faso.

"Mayar. Ƙafar nan taka ko a takalmin raƙumi ba za ta shiga ba. Me ya haɗa ku da Rabe?"

"Ruwa ya fallatsa mini a wuta, na zage shi, ya zage ni, da yamma na ba shi tsinke biyu. Haka muke shekara goma. Ni zan kashe Rabe? Wa zai riƙa zagina?" Ya juya baya ya ci gaba da yanka. "Ka je ka tambayi matarsa. Kwana uku ke nan ba ya cikin hayyacinsa. Ya ce mini akwai ruwan da ba zai ƙara ɗauka ba ko za a yanka shi."

*

Rumasa'u, matar marigayin, ta bayan labulen buhu ta yi magana, don ta shiga takaba.

"Baba Lurwanu, in ceton Wada ka zo, koma. Ina son in ji an ce an sare shi."

"'Yata, in shi ne, ni zan riƙe masa riga. In ba shi ba ne fa? A sare tsoho, wanda ya mayar da ke gwauruwa yana zaune yana shan kunu?"

Sai sheshsheƙa.

"Wane ruwa ne Rabe ya ce ba zai ƙara ɗauka ba?"

"Na gwangwani," ta ce. "Wani babban mutum yake kai wa ruwa daga bazan, kullum salka shida, ta ƙofar baya. Shi a zatonsa na wanka ne. Ran nan ya shiga ya tarar ana ɗurawa a gwangwanayen alhazai. Ya dawo ko tuwo bai ci ba. Ya ce mutum ya taso tun daga Katsina da ƙafa, ya binne 'ya'ya a hanya, ya koma da ruwan bazan ya ba uwarsa mara lafiya a kan Zamzam ne? Ya ce ya ba mutumin zuwa Juma'a ya daina, in ba haka ba zai faɗa a gaban Shehu."

"Ya faɗi suna?"

"Ya ce ba a ambaton sunan mutum da mugun abu a watan azumi. Ka ji irin mijin da aka kashe mini." Ta ja hanci. "Amma wa ke liƙe gwangwanayen in ba Wada ba?"

"Wada abin da aka miƙo masa yake liƙewa. Ba ya ɗanɗanawa."

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya tsaya a gaban Shatu mai lalle. Tana ganinsa ta ɗaure fuska.

"In wa'azi ka zo yi mini a kan jiya, Malam Lurwanu, ba ni kaɗai na yi jifa ba."

"Na sani, Hajja. Ciniki na zo tambaya. Kasuwar lalle na tafiya?"

"A tsakiyar azumi? Sai jajibirin salla mata ke tunawa da ni. Ban da yau da Allah ya kawo mini mai saye tun da sassafe, ta kwashe rabin ƙwarya, wai maigidan ne ke ciwon kai. Na ce wannan kai ko na bijimi ne."

"Matar wa?"

Ta faɗa. Lurwanu ya gyaɗa kai kawai. Sanin suna daban, fitar da hannun babban mutum daga cikin mayafi a gaban jama'a daban. In ya tashi ya nuna shi da yatsa, sai a ce maharbi ya zagi mai ciyar da unguwa, a yi ta hayaniya har shawush ya zo ya tafi da Wada.

Ya koma wurin Shehu ya ce yana da roƙo ɗaya: a yi shan ruwan yau a zaurensa, a kira manyan unguwa duka, a fito da Wada ma ya ci abincinsa na ƙarshe cikin mutane.

*

Aka shimfiɗa tabarmi. Ga kunu, ga sambusa, ga tsiren Abdulganiyyu a faranti, shi ma an ce ya zauna. Wada na can ƙarshen tabarma, ba wanda ya matsa kusa da shi. Alhaji Tijjani na dama da Shehu cikin mayafinsa. Shawush ya riga ya iso da askarawa biyu, suna tsaye a inuwar katanga suna jiran igwa. Mata da sauran jama'a sun cika bakin ƙofa.

A gidan Shehu, kafin a sa hannu a abinci, akan zagaya da buta da tasa kowa ya wanke hannu. Lurwanu ya riga kowa ɗaukar butar.

"Haba Malam Lurwanu, da furfurarka?" in ji Shehu.

"Ranka ya daɗe, bar ni in sami ladan."

Ya fara da Shehu. Ya zuba wa liman. Ya zuba wa Abdulganiyyu, wanda ya miƙo hannun yana harararsa. Kowa dama yake miƙowa, shi kuma yana zubawa a hankali kamar mai tsoron ruwan ya ƙare. Ya iso gaban Alhaji Tijjani.

Hagu ta fito daga cikin mayafi.

Lurwanu ya tsaya da butar a sama.

"Alhaji, da hagu za ka ci abincin Shehu? A watan azumi?"

"Ba na jin daɗi ne. Kunu kawai zan kurɓa."

"Kunun ma da dama ake ɗauka. Kai da ke koya wa alhazai ladubban shan Zamzam."

Aka ɗan yi dariya. Tijjani bai yi ba.

"Esh hada? Mene ne haka, ya Shehu? A gidanka za a ci mini fuska?"

"Miƙa masa mana, Alhaji," in ji Shehu. "Wankin hannu ne."

Duk ido ya dawo kansa. Ya daɗe kafin ya zaro. Hannun ya kumbura ya yi suntum, an damɓara masa lalle har wuyan hannu, an ɗaure yatsu biyu da tsumma.

"Man suya ne," ya ce. "A kicin ɗin gida. Tsautsayi."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Lurwanu, ya tuntsura butar gaba ɗaya.

Tijjani ya yi ƙara. Lallen ya zube cikin tasa. Fatar ta rine ja, amma ja bai rufe abin da ke ciki ba: baƙaƙen ɗige-ɗige daga gindin babban yatsa har wuyan hannu.

"Bakano, taso."

Wada ya taso. Lurwanu ya kama hannunsa ya ajiye gefen na Tijjani, a kan tasa, inda kowa zai gani. Shawush ma ya matso. Hannu biyu, zane ɗaya. Ɗaya tsoho, ɗaya na jiya.

"Man suya ba ya rubutu da baƙi," in ji Lurwanu. Ya ajiye guntun ƙarfen. "Wannan a bayan dutse na tsince shi, inda mai takalmin fata ya tsuguna. Jininsa ya raka shi har bazan, ta dama. Rabe ya ba wani zuwa Juma'a ya daina ɗura ruwan bazan a gwangwanin Zamzam. Gobe ce Juma'a."

"Ƙazafi ne! Maharbi da samkari za su haɗa baki..."

Lurwanu ya kwance gefen rawaninsa. Ya jera dabino uku a gaban Tijjani, mai jinin a tsakiya.

"Ga naka. Ka manta su jiya. Ci, lokaci ya yi."

Sai igwa ta tashi.

Duk wanda ke wurin shekara da shekaru yake jin igwar nan, ko gezau ba wanda ya yi. Tijjani kaɗai ya zabura, ya rungume hannun a ƙirji, ya sunkuyar da kai kamar za ta sake fashe masa. Ladanin Harami ya ɗauki kiran salla. Ba wanda ya taɓa abinci.

Wada ne ya yi magana, a hankali, irin tambayar mai sana'a.

"Ludayi nawa ka zuba?"

Tijjani bai ɗago ba. "Ban ga ludayin ba. Cika shi na yi."

"Ka cika shi," in ji Wada. "Har baki. Kamar gwangwani."

Daga bayan taron mata aka ji wata ta rushe da kuka. Shawush ya dafa kafaɗar Tijjani ya ce, "Yalla, mu tafi." Fasasshiyar libarbar kuwa a ɗakin ajiyarsa aka same ta, cikin gwangwanin da aka rubuta wa Zamzam.

Shehu ya ɗauki dabino daga farantinsa ya miƙa wa Wada da hannunsa. A cikin manyan unguwar nan kaf, shi kaɗai ya buɗe baki ya ce a yafe masa. Sauran sai "ai dama mun yi mamaki", sai "ai ni tun jiya raina bai kwanta ba". Mutanen da suka ce a miƙa shi tun da safe su huta!

*

Washegari da hantsi Wada ya dawo rumfarsa. Rufin duk ya lotsa, ƙayar na nan a ƙofa, duwatsu birjik a farfajiya. Lurwanu na zaune a bakin ƙofar da sandarsa a kan cinya.

Ba a daɗe ba sai ga su. Salla na tafe, kowa da abin da ke yoyo a gidansa. Shatu mai lalle ce a gaba, da tukunyar tuwonta a ka.

"Malam Wada, barka da arziki. Ga ta nan ta sake, a taimaka kafin salla."

Ko a jikinta. Wada har ya miƙa hannu zai karɓa, Lurwanu ya gitta sanda.

"Tsaya, Hajja. Kin bar kaya a nan shekaranjiya."

"Wane kaya?"

Ya janye ƙayar, ya nuna ƙasa da bakin sanda. "Ga ƙafarki. Ɗan yatsan hagu ya hau kan ɗan'uwansa. Nan kika tsaya, nan kika dogara da ta baya kika yi jifa. Ga dutsenki can gindin murhu. Kika koma kika ƙaro, ga na biyun, shi ne ya sami goshi." Ya ɗaga kai ya dubi na bayanta. "Kai mai ɗingishin raƙumi, ga taka, ba ta ɓuya. Naka ne babban can. Ku duka na gan ku, ba sai na kira suna ba. Daga gangaren dutse kuka ɗebo su, can za ku mayar. Wanda ya kai nasa ya dawo ya gaida mai rumfa yadda ake gaida mutum, sannan a duba tukunyarsa."

"Haba Badamagare," in ji Wada, "bar su mana. Azumi ake."

"Da azumin suka ɗauko su. Yi mini shiru, Bakano, hura wutarka."

Aka yi cirko-cirko. Mai ɗingishin ne ya fara sunkuyawa, ya rungumi babban dutsen, ya juya ba tare da ya dubi kowa ba. Sai na biyu, sai na uku. Shatu ta sauke tukunyar, ta ɗauki na gindin murhu, ta kama hanya tana gunaguni.

"Hajja," in ji Lurwanu.

Ta waiwayo.

"Biyu ne."